Muryata Ce a Wayar Baffa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu turo min saƙo suna tambayar ina na shige kwana biyu, ga ni na fito, sai dai ba da labarin anko na zo muku ba. Ni Zara, 'yar Malam Abdulƙadir mai zanen hula a unguwar Dala, bakina ya ja min abin da ban san yadda zan yi da shi ba.

Bari in ɗauko daga tushe saboda waɗanda yau suka shigo.

Babana zanen hula yake yi tun kafin a haife ni. Kakanninmu ne suka zo da sana'ar daga Borno. Shi ke zana samfur a takarda, a fitar da shi a jikin yadi, matan unguwa su karɓa su ɗinke da hannu. Da idonsa ya fara rauni sai na karɓi aikin. Na ɗauki hoton zanensa kaf, tsoho da sabo, na zuba a filash, ɗan abin ajiyar fayil da ake soka wa kwamfuta, ina gyarawa a laftop ina fitarwa da wata tsohuwar firinta da sai ta yi tari kafin ta kama aiki. Allah ya so na yi hakan da wuri, don daminar da ta biyo baya rufin soronmu ya yi yoyo, ruwa ya jiƙe yawancin takardun Baba suka manne. Ke nan abin da ya rage na aikin rayuwarsa yana cikin filash ɗin nan.

Laftop ɗina tsohuwa ce, shi ya sa nake amfani da Linux, tsarin kwamfuta na kyauta wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara yadda ya ga dama. Muna da guruf a waya, Linux Cikin Ganuwa, yawanci samari ne masu gyaran waya da ɗalibai. Ni a can sunana Zee, ba wanda ya san gidanmu. A can na haɗu da Ashafa.

Ashafa ɗan Dukawuya ne, dogo, siriri, ga gilashi, ga farar shadda kullum kamar ba a saka wata kala ba. Magana a hankali yake yinta, sai ka gaji da jira. Ni kuwa kun san ni, kafin ya gama jumla ɗaya na yi biyar. Musu ne ya haɗa mu, musun ya koma gaisuwa, gaisuwar ta koma zance a soronmu ranar Asabar bayan la'asar. Ina son sa. Na faɗa ƙarara tun yanzu, don kada wata ta zo min kwament tana cewa dama ba na yi da shi.

To musun a kan me? A kan akwati.

Wani sabon salo ne aka fito da shi na kawo manhaja. A da, in ka sauke manhaja, sai ta zauna a na'urarka ta ga fayilolinka, ta ga firintarka, ku yi aiki lafiya. Yanzu kuwa kowace manhaja a rufe take zuwa, ita da kayanta, ba ta ganin komai a na'urar sai abin da aka buɗe mata. Mu a guruf akwati muke ce mata. Ashafa shi ne shugaban 'yan akwati. Ni kuma ina sahun gaba na masu cewa ba ma so. Ta fi nauyi, ta fi cin data, sai ka danna ka je ka ɗora ruwan shayi ka dawo ba ta buɗe ba. Abin da ya fi ci min rai, ta kan sabunta kanta ba sallama ba neman izini, ka wayi gari datarka ta ƙare.

Shi ma yana da hujjarsa, ba zan danne masa ba. Ƙanwarsa Nafisa ta taɓa sauke wata manhaja daga wani shafi, ashe ta ɓarayi ce, ta kwashe hotunanta na cikin gida aka dinga yi mata barazana da su. Yarinyar nan sai da ta daina fita. Duk sanda ya ba da labarin muryarsa canjawa take yi.

"Da a akwati take, da ba ta ga hoto ko ɗaya ba," in ji shi.

"Na ji. Amma ka bar ni in zaɓa da kaina."

"Mutane ba sa zaɓar tsaro sai abu ya faru, Zara."

Kullum nan muke tsayawa, in yi masa tsaki ya yi murmushi, in kawo masa zoɓo.

Wata rana fankar laftop ɗina ta fara ƙara, na ba shi ya share min ƙura. Share ƙura kawai na ce. Ya dawo min da ita a cikin jakarta, yana cewa, "Na ɗan gyara miki wasu abubuwa." Ni sakarya na ce na gode, har da ƙara masa dambun nama a leda.

Washegari da hantsi Baba ya fito tsakar gida ya shimfiɗa buzunsa kusa da ni. Wani ango ya aiko yana son zanen da Baba ke kira Idon Zabuwa, wanda mahaifinsa ya koya masa tun yana yaro. Na sa filash, na danna manhajar zane. Shiru. Na sake dannawa. Da ƙyar ta buɗe, na ga fuskarta ta canja. Na je in ɗauko zanen, babu filash a cikinta. Wayam.

"Ina suke?" in ji Baba. Ya matso da fuskarsa dab da gilashin.

"Ina zuwa Baba."

Na leƙa ta wani wajen na ga fayilolin suna nan lafiya, amma manhajar da ke buɗe su ta makance, ba ta ganinsu. Firinta ma ta ce ba ta san da zamanta ba. Nan na gane Ashafa ya cire tsohuwar ya saka min ta akwati. Na kira shi, waya a kashe, yana wajen aiki. Na shiga neman inda ake buɗe izinin, gumi na keto min, na buɗe wannan na rufe wancan, abu ya ƙi.

"Baba suna nan, wallahi suna nan. Manhajar ce kawai ba ta ganinsu."

"In suna nan, fitar min da guda ɗaya in riƙe a hannuna."

Na kasa.

Ya daɗe yana kallon farin gilashin nan. Sai ya ce, "Ruwa ya ci rabi, wannan ta ci rabi. Shi ke nan." Ya naɗe buzunsa ya shige ɗaki. Ranar bai ci abincin rana ba. Umma ta shiga da kwano ta fito da shi yadda yake, ta ce min, "Mahaifinki kuka yake." Tunda nake a duniya ban taɓa jin an ce Baba ya yi kuka ba, ko ranar da aka binne ƙaninsa.

Jama'a, a wannan halin na ɗauki waya. Na shiga bayan ɗakin girki, na danna saƙon murya a guruf, na ce:

"Wanda za ka ba amanar na'urarka ya canja maka ita bai tambaye ka ba, wai don ya tsare ka, wannan ba mai taimako ba ne, maci amana ne. Ashafa da kai nake. Yau ka sa tsoho kuka. Ban yafe ba."

Kafin in huce in goge, an riga an kwafe. Masu ƙin akwati suka samu abin da suke nema. Duk wanda firintarsa ta ƙi, duk wanda datarsa ta ƙare, sai ya sake turo muryata. Har sitika aka yi da "ban yafe ba".

Da yamma Ashafa ya zo. Bai ɗauki lokaci ba ya buɗe wa manhajar hanya, filash ta bayyana, firinta ta yi tarinta ta fitar da Idon Zabuwa. Na kai wa Baba, ya shafa takardar da tafin hannunsa ya yi hamdala. Na koma soro ina jiran Ashafa ya ce in yi haƙuri. Sai ya ce, "Kin gani ko? Ba abin da ya ɓata." Na ce masa, "Wuni guda ya ɓata." Muka yi sati ba ma magana, daga baya so ya rinjaye ni muka shirya, ba tare da kowa ya janye maganarsa ba. Baba kuwa ce masa na yi na'ura ce ta yi gardama. Ban faɗa masa hannun wa ke ciki ba.

Ana haka iyayen Ashafa suka aiko suna neman ranar da za su zo gaisuwa. Gidanmu ya ɗau murna. Umma ta fito da garwashi tana gwada turaren wutar da ta haɗa, gidan ya cika da ƙamshin hawi da sandal, ta ciro wata lafaya ruwan zuma daga ƙasan adaka ta ce ita zan sa ranar. Baba ya ce kafin a ba su rana sai an yi bincike kamar yadda aka saba, ya ɗora wa yayansa Baffa Mustapha.

Wanda bai san Baffa ba, mutum ne da in ka aike shi sayen albasa sai ya gano gonar da aka noma ta. Ya hau adaidaita ya tafi Dukawuya. Limamin unguwa ya yabi Ashafa, maƙwabta suka yabe shi, mai shayin bakin layi ma ya ce bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Da a nan Baffa ya tsaya da yanzu ina zaɓen kalar anko. Sai ya ce shaidar manya daban, ta abokai daban. Aka nuna masa shagon Abdulbaqi mai gyaran waya a Ƙofar Dawanau. Abdulbaqi abokin Ashafa ne tun firamare, kuma duk guruf ɗinmu ba wanda ya kai shi tsanar akwati. Bai san Zee 'yar ƙanin dattijon da ke gabansa ba ce.

Shekaranjiya bayan azahar ina wanke-wanke Umma ta leƙo ta ce, "Mahaifinki na kira." Yadda ta faɗa ba ta kalle ni ba, na san ba lafiya ba. Na goge hannu a zanina, na ja hijabi na shiga.

Baba na kan buzu, Baffa na kan kujera da babbar rigarsa bai ko cire hula ba. Na durƙusa na gaishe su. Baffa bai amsa da wasan da ya saba ba. Ya ciro waya ya ajiye a tsakiyar darduma.

"Na je wajen abokinsa," in ji shi. "Ya ce min yaron kirki ne, ba ya sha ba ya yawo. Sai dai in ya ga abu daidai ne a wajensa, to ba ya tambayar mai abu. Na ce ba ni shaida. Ya ce ga abin da wata baiwar Allah ta faɗa a kansa, ya turo min a waya."

Ya danna.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Muryata ta cika ɗakin Baba, da shessheƙar kukan da nake yi ranar, har ƙarar tabarya ta gidan maƙwabta ana ji a bayanta. Maci amana ne. Ka sa tsoho kuka. Ban yafe ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Umma na tsaye bakin ƙofa ta dafe ƙirji.

Baba ya bari ta ƙare tukuna.

"Tsohon nan ni ne?"

"Kai ne Baba."

"Kin ce min na'ura ce ta yi gardama."

Na sunkuyar da kai.

"Zara, abu ɗaya zan tambaye ki. Maganar nan da kika yi a gaban jama'a, ƙarya kika yi masa ko gaskiya kika faɗa?"

Ku tsaya ku duba min nan. In na ce ƙarya ce, na zama mai ƙazafi, na ɓata sunan bawan Allah a gaban mutane, kuma Baba ba abin da ya tsana irin wannan. In na ce gaskiya ce, to ni da bakina na shaidi wanda zan aura da cin amana, wane uba ne zai ba shi 'ya?

"Baba ai maganar kwamfuta ce," na ce. "Musu ne na 'yan guruf. Shi gani yake akwatin tsaro ne, ƙanwarsa ce aka taɓa cuta, shi ya sa..."

"Ban san akwati ba, ban san guruf ba. Kin ba shi ajiya?"

"Na ba shi."

"Ya taɓa abin da ba ki ce ya taɓa ba?"

"Don ya tsare ni ya yi."

"Ya tambaye ki?"

Hawaye ya zubo min. Na ce, "Bai tambaye ni ba. Gaskiya na faɗa, Baba. Amma kalmar ta yi nauyi, fushi ne. Kuma ni ina son sa."

Umma ta ce, "La ilaha! A gaban iyayenki?" Baffa ya kawar da kai yana gyaran murya. Ni kaina ban san sanda ta fito ba.

Baba bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Ya ce ba zai yanke wa ɗan mutane hukunci a bayan idonsa ba. In kira shi ya zo washegari bayan la'asar, shi kaɗai, ba da iyayensa ba. Tambaya ɗaya zai yi masa: in aka sake ba shi amana, zai sake?

Na fito na shige ɗakinmu na rufe ƙofa. Lafayar nan tana rataye a jikin ƙusa, na juya mata baya na ɗauki waya na rubuta wa Ashafa.

"Baffa ya ji muryata a wajen Abdulbaqi. Baba ya san komai."

Ya karanta nan take. Alamar rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Subhanallah. Yaya jikin Baba?"

"Ba jikinsa ake magana ba! Gobe zai tambaye ka ko za ka sake. Ka ce a'a."

"Zan ba shi haƙuri. Tun ranar ya kamata in ba shi, ke ma ya kamata in ba ki. Na yi kuskure da ban zauna na buɗe miki komai kafin in dawo da ita ba."

"Ba wannan ne kuskuren ba. Ba ka tambaye ni ba."

"Da na tambaye ki me za ki ce?"

"A'a zan ce."

"Shi ya sa."

Wallahi sai da na ajiye wayar a kan katifa na zagaya ɗakin. Na dawo na rubuta, "Ashafa, kalma ɗaya ce. A'a. Ka faɗe ta mu wuce wajen."

"Kina so in yi wa mahaifinki ƙarya?"

Na rubuta eh, na goge. Na rubuta a'a, na goge. Ni da nake ta ihu a guruf a bar kowa ya zaɓa da kansa, ga ni ina tsara wa mutum abin da zai faɗa. Can sai ga saƙonsa ya shigo, "Allah ya kai mu."

Jiya tun azahar na kasa zama. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Umma ta ce in ba zan ci abinci ba in daina jagwalgwala mata shi. Ana idar da la'asar na ji sallamarsa a ƙofar gida, a hankali kamar kullum. Baba ya fita soro, Baffa na biye da shi. Har Baba ya kai bakin ƙofa sai ya waiwayo ya ce, "Zo ki zauna nan bayan labule. Maganarki ake, ki ji da kunnenki."

Na zauna a kan turmi. Ta gefen labulen ina hango gefen farar shaddarsa da takalminsa da ya cire ya jera a bakin tabarma. Ya gaishe su ya daɗe a durƙushe. Ya ba Baba haƙuri, haƙuri na gaske, ya ce da ya san zanen nan su ne kaɗai suka rage da bai kwana bai zo ya duba ba. Ya ba da labarin Nafisa, bai ƙara gishiri ba. Har Baffa na ji ya ce, "Allah sarki." Zuciyata ta fara sanyi, na ce a raina shi ke nan, an wuce wajen.

Sai Baba ya ce, "Na yafe maka wunin nan, ya wuce. Yanzu ka gaya min. Gobe tana gidanka, ka ga abin da kai a ganinka zai cuce ta, ita kuma ta ce a bar mata abinta. Za ka sake yin yadda ka yi?"

Na damƙe bakin hijabina. Ina ta faɗa a zuci, ka ce a'a, don Allah ka ce a'a. Kuma ga wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku: wani ɓangare na zuciyata so yake ya ji gaskiyar, ko da ita ce za ta raba mu.

Ashafa ya gyara zama. Ana jin yara na wucewa a lungu, wani mai adaidaita na ta hon.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Zan yi mata bayani, zan roƙe ta. Amma in na tabbata abin zai cuce ta irin yadda aka cuci ƙanwata, ina jin zan sake."

Na ji Baba ya gyara zama a kan buzunsa. Ina jiran ya sallame shi, ko ya ce a je a yi shawara. Sai ya ɗaga murya kaɗan, ya juyo wajen labulen.

"Zara, kin ji shi. Shi bai tambaye ki ba, ni ina tambayarki. In ba su rana?"